Lido a Waya: Ki Buɗe Ɗakin da Kanki, Ki San Wanda Ke Ciki

Yau ba maganar tari da mura za mu yi ba. Maganar wasa ce, amma a asibiti ta same ni.

Kwanakin baya wata mata ta zo ƙaramin asibitin da nake aiki a nan yankin Dambatta, riƙe da hannun ɗanta mai shekara 12. Ita ta ba ni izinin ba da labarin, na kuma cire duk abin da zai sa a gane su. Ta ce kullum da ciwon kai yake tashi, idonsa ja, malamin makaranta ya aiko cewa yana gyangyaɗi a aji, a makarantar allo ma ya kwana biyu bai wanke ba. Muka yi gwajin maleriya, babu. Jikinsa ba zafi. Na duba cikin fatar idonsa, ba alamar ƙarancin jini. Sai na tambaya ƙarfe nawa yake kwanciya. Uwar ta ce da an yi isha'i. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa.

Na roƙe ta ta ɗan jira a waje. Da muka rage mu biyu ya ce, "Anti, lido nake yi."

Mahaifinsa yana cikin mazan da ke tafiya ci-rani da an kai amfanin gona gida. Shi Legas yake zuwa, kasuwar Mile 12. Kafin ya tafi ya sa wasan lido a wayar matarsa don ya riƙa bugawa da ɗansa daga can. Makonnin farko haka aka yi, bayan magariba su buga ɗaya ko biyu, su yi dariya. Da aiki ya yi wa uban yawa sai ya daina samun lokaci. Yaro ya lalubo wurin da ake dannawa a haɗa ka da kowa a duniya, kuma a can ba a rasa abokin wasa, domin darenmu ranar wasu ce. Sai ya jira Umma ta yi barci, ya zare wayar daga ƙarƙashin matashi, ya buga har ƙarfe biyu.

A nan ya haɗu da wani da ya ce shi ma ɗan Najeriya ne. Suka yi musayar lambar waya. Bayan kwana kaɗan mutumin ya turo masa wata manhaja daban, wadda ake zuba kuɗi na gaske a buga. Yaron ya san lambar sirrin asusun uwarsa, don shi yake tura mata kuɗi idan ta sayi kaya. Ba ta farga ba sai ranar Lahadi, ranar kasuwar Dambatta, da ta tsaya wurin mai POS za ta ciri kuɗin zubin adashe aka ce mata babu. Ta ɗauka matsalar banki ce. Sai a ɗakina ta ji gaskiya.

Abin da ta fara cewa shi ne, "Wallahi sai na fasa wayar nan." Na fahimce ta. Amma da wayar nan ake turo mata kuɗin cefane, da ita yara ke jin muryar babansu. Kuma in an fasa, yaro zai tafi shagon caji ya buga a wayar abokinsa, inda babu idon kowa. Ni a ganina abin da ya ɓace a gidan shi ne babba a cikin wasan. Uban ya buɗe ƙofa ya tafi, uwar ba ta ma san akwai ƙofa ba. Shi ya sa na zauna na koyi wasan da kaina, na gwada shi da yarana da ƙanwata da ke aure a Zariya, ga abin da na samo.

Wane irin wasa ne?

Lidon da muka sani ne, na kwali da gilashi, wanda muka buga a tsakar gida muna 'yan mata. Asalinsa wani tsohon wasan Indiya ne mai suna Pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896. Wanda ya fi yawa a wayoyin yankinmu shi ne Ludo King, na wani kamfanin Indiya mai suna Gametion, ya fito a 2016, ya kuma bazu sosai a 2020 lokacin kullen korona.

Idan kin buɗe shi za ki ga hanyoyin wasa huɗu, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Akwai Computer, wato ke da waya kawai. Akwai Pass N Play, inda mutanen gida ke zagaye waya ɗaya ana miƙa wa juna, waɗannan biyun ba sa bukatar data. Akwai Play with Friends, inda kike buɗe ɗaki mai lamba, babu mai shiga sai wanda kika ba lambar. Sai na huɗu, na Online, wanda ke haɗa mutum da baƙi daga ko'ina. Ukun farko tsakar gida ne. Na huɗun tasha ce, kowa da kowa na nan.

Maganar malamai

Na san wasunku tun daga kan taken nan sun ce, ai lido akwai magana a kansa. Gaskiya ne. Malamai da yawa sun hana duk wasan da ake jefa dayis, ko da babu kuɗi a ciki, sun dogara da hadisin da ya zo a kan wasan nardi. Wasu kuma sun tsananta ne idan caca ta shiga ko wasan ya shagaltar daga salla. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba ni da fatawa. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ku yi shawara da maigida. Idan kun yanke cewa ba za a yi lido a gidanku ba, duk abin da zan faɗa a ƙasa yana aiki a kan wasannin da ba su da dayis, kamar darafti, domin yawancinsu tsarinsu ɗaya ne: ɗaki mai lamba na 'yan uwa, da fili na baƙi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne caca haramun ce. Kuma ko kin hana, ya kamata ki san yadda abin yake, don ki gane shi in kin gan shi a hannun ɗanki.

Makullai uku kafin ki sauke

Na farko, kuɗinki. Ki canza lambar sirrin asusunki yau, kada ta zama shekarar haihuwa ko 1234, kuma kada ki faɗa wa yaro. Na san da yawanmu yaran ne ke taya mu tura kuɗi. To ki bar shi ya shigar da lambar asusu da adadin kuɗin, in an zo wajen lambar sirri ki karɓi wayar ki danna da hannunki. Lamba huɗu ce, za ki iya. Yawancin wayoyinmu irin su Tecno, Infinix da itel suna da App Lock a cikin saiti, ki kulle manhajar banki da shi.

Na biyu, Play Store. Ki shiga, ki danna hotonki na sama, ki je Settings, sannan Family, sannan Parental controls. Ki kunna, ki sa wata lambar sirri daban, ki zaɓi shekarun da suka dace da yaranki. A cikin saitin kuma akwai wurin da ke sa a nemi tabbaci kafin a sayi komai, ki kunna shi.

Na uku, daga Play Store kawai za ki sauke. Kada ki karɓa ta Xender daga wayar wani, kada ki danna mahaɗin da aka turo a WhatsApp ana cewa wannan yana ba da sulalla kyauta. Irin waɗannan manhajojin da aka yi wa kwaskwarima su ne ke zuwa da abin satar bayanai. Idan sabis ɗin ƙauyenku ba ya ja, ki bari sai ranar da kika shiga gari, ko ki gwada da asuba lokacin da mutane ba su yi yawa a kan layi ba.

Yadda ake buɗe ɗaki

1. Ki rubuta Ludo King a Play Store, ki duba sunan kamfanin Gametion a ƙarƙashinsa, domin masu kama da shi suna da yawa. Ki sauke.

2. In ya buɗe zai tambayi yadda za ki shiga. Ki zaɓi Guest, wato baƙuwa. Kada ki haɗa shi da Facebook, don kada sunanki da hotonki su bi ki cikin wasan.

3. Wajen suna, ki sa laƙabin da 'yan uwa kawai za su gane. Ban da cikakken suna, ban da sunan gari, ban da hoton yaro. Akwai hotunan zane a ciki, ki ɗauki ɗaya.

4. Ki danna Play with Friends, sannan Create. Zai nuna miki adadin sulallan shiga, ki zaɓi mafi ƙanƙanta.

5. Wata lamba za ta fito. Ita ce makullin ɗakin. Ki tura wa maigida ko 'yar uwarki kai tsaye ta WhatsApp. Kada ki sa ta a status ko a zauren da ke da mutane da yawa.

6. Shi ma zai buɗe nasa, ya danna Play with Friends, sannan Join, ya rubuta lambar. Za ki ga sunansa ya bayyana. In kowa ya shigo sai ki fara.

Duk sabon wasa sabuwar lamba ake bayarwa, saboda haka ki riƙe wannan aikin a hannunki. A gidana ni ke buɗe ɗaki, ni ke tura lamba, sannan in miƙa waya.

Ga wadda ta manta dokokin: kowa yana da 'ya'ya huɗu masu launi ɗaya. Ɗa ba ya fita sai an jefa shida, kuma shida tana ba ki ƙarin jifa, amma shida uku a jere suna ɓata jifan. In ɗanki ya sauka a gidan da ɗan wani yake, kin cinye shi, ya koma farko, sai dai in a kan tauraro yake, nan ba a ci. Wanda ya fara shigar da huɗunsa gida shi ya yi nasara. A waya ba a girgiza komai, taɓa dayis kawai ake yi, sannan a taɓa ɗan da ake so ya tafi. Kowane jifa yana da ƙayyadadden lokaci, don haka ba a barin wasa a je a duba tukunya.

Sulallan nan fa?

Ki lura da su. Ba kuɗi ba ne, wasan ne ke ba da su, amma in sun ƙare ana iya sayen wasu da kuɗi na gaske, ko a kalli talla a samu ƙari. Kuma ana zuba su ne kafin wasa, wanda ya ci ya kwashe. Wato yaro yana saba wa da zubi da kwasa tun kafin ya san sunan abin. Ban ɓoye wa nawa yaran ba. Na ce musu in sulalla sun ƙare, wasa ya ƙare, sai mu koma Pass N Play da ba ya bukatarsu.

Haka tallace-tallace. Yawancin wasannin da aka ce kyauta ne da talla suke ci, kuma a cikin tallan da ke yawo a wayoyi akwai na caca, masu nuna mutum ya zuba kaɗan ya kwashi da yawa. A 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Kano. Shago ana iya sa masa kwaɗo. Wanda ke cikin wayarki kuwa babu ɗan Hisbar da zai gan shi, ke ce a kusa. Ki koya wa yaro cewa in talla ta fito, a jira alamar X a rufe, ba a danna tsakiya. In 'yan gida ne kawai ke bugawa a waya ɗaya, ki kashe data gaba ɗaya, tallar ma za ta ragu.

Sabis, data da caji

Mu da ke ƙauye mun san halin da ake ciki. A ɗaki sanda ɗaya, a bakin rumbu sanda uku. Kafin ku fara ki nemo wurin da sabis ya fi tsayawa ki shimfiɗa tabarma a nan, domin in ya yanke a tsakiyar wasa jifanki zai wuce, in ya daɗe a fitar da ke. Wannan ma alheri ne, don wasan ya dawo tsakar gida inda kowa ke gani.

Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, kowa na lissafi. Motsin 'ya'yan lido ba ya cin data sosai, bidiyon talla ne ke ci. Ki danna *323# kafin wasa, ki sake dannawa bayan an gama, za ki ga abin da ya tafi da idonki. Kada a buga waya tana jikin caji tana zafi, kuma kada a ƙarar da batir a wasa har a rasa na kiran gaggawa. Na sha karɓar mai naƙuda da aka makara kawowa saboda babu waya mai caji da za a kira mai mota.

Dokokin da suka yi mini aiki

Lokaci sananne. Mu bayan magariba muke yi, in an ci tuwo, an gama aikin makaranta. Wasan mutum huɗu yakan ci mana kusan rabin awa. Ɗaya ake yi, ranar Juma'a biyu. Na gane ƙidaya wasa ya fi ƙidaya minti, domin ƙwace waya a tsakiyar wasa shi ke kawo kuka. In an kira isha'i an tashi.

Waya ba ta kwana inda yaro zai kai hannu. Ƙarƙashin matashi ba maɓoya ba ce, mu da muka wuni muna aiki in mun kwanta ko ganga ba ma ji. Ki sa wa fuskar wayar makulli, ki jefa ta a akwati.

Babu hira da wanda ba a sani ba. Wasan yana da wurin aika saƙo. Na gaya wa yarana, duk wanda ya tambayi suna, gari, hoto ko lambar waya, a zo a nuna mini, kuma na yi alkawarin ba zan yi duka ba. Wannan alkawarin yana da muhimmanci. Yaron da na ba ku labarinsa ya so ya faɗa tun ranar da kuɗin farko suka tafi, tsoron bulala ya hana shi, sai ya ci gaba da zubawa wai ko zai dawo da su kafin a gane.

Ƙanana ba sa ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana, ƙasa da haka ya fi. Su waɗannan ƙasa da gwangwani da 'yan uwansu sun ishe su.

Barci kuwa ba a cin bashinsa a zauna lafiya. Likitocin barci na Amurka sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ki lissafa da yaron da ya kwanta ƙarfe biyu aka tashe shi sallar asuba. Ko awa huɗu bai samu ba. Ciwon kan nan ba na farasitamol ba ne.

Yaushe abin ya wuce wasa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar kamuwa da wasannin kwamfuta cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamominta uku: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya gaba da komai a rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Yawanci sai an ga haka na tsawon wata 12 kafin a kira shi cuta, kuma kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan. Don haka kada hankalinki ya tashi don ɗanki yana son lido. Amma in kin ga ya daina fita ƙwallo ko langa da sa'o'insa, yana ƙarya a kan waya, yana fushi mai tsanani in an karɓa, karatu ya ja baya, ko kuɗi sun fara ɓata, kada ki jira shekara. Ki zauna da shi, ki sanar da mahaifinsa, in abin ya ƙi ku zo asibiti.

Matar nan ta dawo bayan mako uku, awon ciki ya kawo ta. Ba ta fasa wayar ba. Ta canza lambar sirri, an goge waccan manhajar, an toshe lambar mutumin. Kuɗin adashe ba su dawo ba, sai da ta sayar da buhun wake ta cika zubi, yaron kuma yana biya da aikin ɗebo ruwa da kiwon awaki. Ta kira maigidan ta gaya masa komai, suka yi yarjejeniya: daren Juma'a da daren Lahadi, komai gajiya, zai ba ɗansa rabin awa. Ita ke buɗe ɗakin. Ta ce ranar farko hannunta rawa yake, sau uku tana tura lambar da kuskure. Yanzu har ita ake bugawa, kuma in ta cinye ɗan maigida sai ya kira ya ce a gaya wa Umma ta ji tsoron Allah. Na tambayi ciwon kai. Ta ce ya tafi.

'Yar uwa, in akwai wasa a wayarki da ba ki taɓa buɗewa ba, ki buɗe shi yau da dare. Ki sa ɗanki ya zauna kusa da ke ya nuna miki yadda ake yi, ba da faɗa ba. Za ki ga da wa yake bugawa, kuma za ki yi mamakin yadda zai ji daɗin koya miki.

Ku rubuto a ƙasa ku gaya mana: wane wasa yaranku ke yi, kuma wace doka ce ta yi muku aiki? Wadda ta maƙale a wani mataki ta faɗi irin wayarta, zan amsa gwargwadon iko. Amma don Allah kada kowa ta rubuta lambar wayarta ko lambar ɗaki a nan, filin nan ma kowa na gani.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo da matafiyanmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.